Kafin ka kai dutsenka gaban na'ura

Tun da aka ba da sanarwar samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu a watan Oktoba na 2019, can kan iyakar Bauchi da Gombe, baƙin dutsen laka ya yi farin jini a wajen ɗaliban ilimin ƙasa da na kimiyyar sinadarai. Ɗalibi zai saɓi guduma ya nufi Pindiga ko Fika, ya fasa dutse ya zuba a leda, ya haɗa kuɗi da ƙyar ya aika ɗakin gwaji. Bayan 'yan makonni a turo masa takarda mai zanen tsinaye a jere, shi kuma ya zauna ya rubuta cewa dutsen nan a teku ya kwanta, ko a tafki, ko ya isa haihuwar mai. Sau da yawa aikin ya riga ya lalace tun ranar da dutsen ya shiga leda. Na'ura dai abin da aka ba ta take karantawa, ba ta tambayar daga ina ya zo. Wannan tambayar taka ce, kuma ita ya kamata ka fara yi kafin kowace.

Abin da kake nema a cikin dutsen shi ne sinadaran da masana ke kira bayomaka. Idan tsiro ko gansakuka ko bakteriya ta mutu, furotin da sukarin jikinta ba sa daɗewa, ƙananan halittu ke cinye su. Maiƙo da kakin ganye da launi su ne masu taurin kai, su ma ɗan kaɗan ke kaiwa ga binnuwa, don abin da laka ke rufewa ya tsira bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da rayayyu ke samarwa ba. Wannan ɗan ragowar, yana nutsewa ƙasa yana shan zafi, sai ya riƙa zubar da oksijin da sauran abubuwan da ke maƙale a gefensa. Amma ƙashin gininsa, wato yadda ƙwayoyin kabon suka jeru zobe-zobe ko sarƙa-sarƙa, yana nan yadda halittar ta ƙera shi. Tsagar gado ce: mutum ya tsufa, fata ta yamutse, amma wanda ya san askar gidaje zai dubi kunci ya faɗi zuriya.

Wanda ya fara karanta wannan tsaga wani Bajamushe ne, Alfred Treibs, a birnin Munik. A 1934 ya tsamo wasu jajayen sinadarai da ake kira fofirin daga ɗanyen mai da dutsen laka, ya kuma nuna cewa gininsu na kulorofil ne, koren launin ganye, sai dai ƙarfen magniziyam da ke tsakiya ya fita, banadiyam ya maye gurbinsa. Kafin nan akwai manyan masana, har da Mendeleev, da ke ganin daga cikin ƙasa mai ke fitowa ba tare da hannun wata halitta ba. Launin ganye a cikin gangar mai hujja ce mai wuyar turewa.

Ka san dangogin kafin ka fita daji, don su za su gaya maka me za ka kiyaye. Mafi sauƙi su ne miƙaƙƙun sarƙoƙi, alken. Ganyen tsirran tudu na shafe da kaki don kada ruwa ya tsere musu, kuma kakin nan ya fi son lambobi marasa rabuwa biyu: kabon 27, 29, 31. Gansakukar ruwa gajerun sarƙoƙi take yi, 15 da 17. Sai firisten mai kabon 19 da faiten mai kabon 20, waɗanda galibi wutsiyar kulorofil ce ta haife su duka. Inda akwai oksijin a ƙasan ruwa, wutsiyar kan rasa kabon ɗaya ta zama firisten. Inda ruwa ya shaƙe babu iska, sai ta tsira da ashirin ɗinta ta zama faiten. Shi ya sa ake raba adadin na farko da na biyu: idan amsar ta haura 3, ana zaton ganyen tudu a wuri mai iska, irin fadama ko bakin kogi, idan ta gaza 1, ana zaton ruwa marar iska, sau da yawa mai gishiri.

Hofen daga fatar bakteriya yake. Guy Ourisson da abokan aikinsa a Sitirasbog ta Faransa sun fara ganin wannan dangi birjik a cikin duwatsu da mai kafin a gane cewa bakteriya ke yin sa don ƙarfafa fatarta. Kusan babu man da za ka auna ka rasa hofen. Siteren kuwa daga sitirol yake, dangin kolestirol, abin da halittu masu cibiyar ƙwaya ke sa wa tasu fatar. Mai kabon 27 ya fi yawa a dabbobi da jar gansakuka, mai 28 a naman gwari da wasu gansakukan teku, mai 29 a tsirran tudu. Amma a nan ɗalibai da yawa ke zamewa, domin koriyar gansakuka ma 29 take yi. Akwai man da ya fito daga duwatsun Oman waɗanda suka girmi duk wani tsiron tudu da shekaru miliyoyi, kuma siteren ɗinsa mai 29 ne ya rinjaya. Idan ka ga 29 ya yi yawa ka rubuta "tsirran tudu" ba tare da wata shaida ba, malamin da za a gayyato daga waje ya samu inda zai kama ka.

Oliyanen ya cancanci a daɗe a kansa, don a man Najeriya aka fara tantance shi. Asalinsa wasu sinadarai ne da tsirrai masu fure ke yi don kare kansu, irin su amirin, wanda yake da yawa a cikin man kaɗanya. Tun farkon shekarun 1970 aka ware shi daga ɗanyen man Neja Delta, sannan Farfesa Chukwuemeka Ekweozor na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bi shi cikin duwatsun kudancin ƙasar suka nuna daga wane zamani yake fara bayyana. Tsirrai masu fure sabbin zuwa ne a tarihin duniya. Sai a ƙarshen zamanin Kiretashiyos suka mamaye tudu, suka kuma yi ƙarfi sosai bayan shekara miliyan 66 da suka wuce. Saboda haka oliyanen na ba ka labari biyu a lokaci ɗaya: ganyen tudu ya shiga lakar, kuma lakar ba tsohuwa ba ce can. A 1994 Michael Moldowan da tawagarsa suka jera duwatsu na zamani daban-daban suka nuna yadda yawansa ke tafiya tare da yaɗuwar furanni. Idan ka raba shi da hofen mai kabon 30 ka sami sama da 0.2, galibi dutsen bai girmi shekara miliyan 66 ba.

Kada ka juya maganar. Rashin oliyanen ba ya nufin dutse ya tsufa, domin lakar da ta kwanta a tsakiyar teku, nesa da bakin kogi, za ta iya zama 'yar jiya kuma babu ko ɗigonsa. Idan kuma ka gan shi ya yi tsini sosai a dutsen da ka san tsoho ne, irin na ƙasan Bima, kada ka yi saurin murnar sabon bincike. Duba ko wani abu ya shiga samfurin, ka kuma tuna cewa lufen, wani ɗan uwansa, yana fitowa daidai wurin da yake fitowa a yawancin na'urori.

Gamaseren alamar ruwa ne mai hawa biyu, na sama mai iska, na ƙasa mai nauyi marar iska, kamar yadda ake samu a tafki mai gishiri. Wasu ƙananan halittu masu gashi da ke kiwon bakteriya a tsakanin hawan biyu su ke yin abin da ke zama shi, kuma a dutsen Green River na Amurka aka fara gano shi. Akwai wasu da suka fi wannan tsayawa kan halitta ɗaya, irin botiriyokoken na wata gansakukar ruwan daɗi, wanda ya cika man Minas da Duri a Sumatira, amma da wuya ka ci karo da su a aikin digirin farko. Da irin waɗannan alamomi masu nazarin man Agadem a Nijar ke rarrabe wanda ya fito daga dutsen Yogou, da ya kwanta a tekun da ya taɓa ratsa Sahara a zamanin Kiretashiyos, da wanda ya fito daga lakar tafkin Sokor da ta zo bayansa.

To, yanzu ga inda aikin yake. Duk waɗannan sinadarai ba a cikin dutse kaɗai suke ba. Suna cikin baƙin mai na injin, da giris, da kwalta, da kyandir, da hayaƙin janareta, da basilin ɗin da ka shafa da safe saboda hunturu. Abin da ke cikin dutsenka kuwa sau da yawa 'yan kaso ne cikin miliyan. Ɗan shafin giris daga bayan akori-kura ya isa ya danne shi.

Kada ka ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai abin ke samu. A 1999 mujallar Science ta buga aikin Jochen Brocks da abokansa, inda suka ba da rahoton siteren da hofen a duwatsun Pilbara na yammacin Ostareliya masu shekara biliyan 2.7. Labarin ya girgiza fagen, don yana nufin halittu masu cibiyar ƙwaya sun wanzu tun da daɗewa fiye da yadda ƙasusuwa da burbushi suka nuna, har ya shiga littattafan karatu. A 2008 Birger Rasmussen, tare da shi Brocks ɗin, ya auna nau'in kabon da ke daskare a cikin duwatsun ya ga bai yi daidai da na sinadaran da aka tatso ba. A 2012 aka koma aka haƙa sababbin rijiyoyi da tsafta mai tsanani, da ruwa zalla a madadin man haƙa, aka kuma daskarar da dutsen da aka ciro. Sakamakon da Katherine French da tawagarta suka buga a 2015 ya nuna cewa abin da ke cikin tsakiyar dutsen bai fi abin da ke cikin gwajin fanko ba, wato gwajin da babu dutsen a cikinsa. Baƙi ne suka shiga daga baya. Manyan ɗakunan gwaji na duniya ke nan, kuma sai da aka shekara goma sha shida kafin a rufe maganar. Daga cikin tsofaffin bayomaka da aka yarda da su akwai na dutsen Barney Creek a arewacin Ostareliya, masu shekara biliyan 1.64, sai kuma fofirin mai shekara biliyan 1.1 da Nur Gueneli ta tatso daga baƙin dutsen Muritaniya, wanda aka bayyana a 2018, mai launin ruwan hoda idan aka tsarma shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin ka fita, ka sayi takardar alminiyam da kwalaben gilashi masu faɗin baki, ka wanke kwalaben, ka sa su duka a tanderun ɗakin gwaji a zafin digiri 450 na aƙalla awa huɗu. Wannan zafin na ƙone duk wani maiƙo, har da wanda masana'anta ke shafa wa takardar alminiyam lokacin murza ta. Ka ƙona yashi mai tsabta tare da su, ka zuba a kwalba ɗaya. Wannan kwalbar ita ce fankonka: za ta bi ka daji, ka buɗe ta a inda ka fasa dutse, ta hau mota ɗaya da samfuranka, a niƙa ta a turmi ɗaya, a tatse ta da ruwan narkarwa ɗaya. Duk abin da na'ura ta gani a cikinta ba daga dutse yake ba. Za a ce maka kuɗin samfur guda ne ya tafi a banza. Ni a ganina gara samfur biyar da fanko da samfur goma babu shi.

A daji, kada ka tsinci dutsen da ke kwance a fili. Rana da ruwan sama da iska sun daɗe suna cinsa, baƙin dutsen laka kan koɗe ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa, kuma maiƙonsa ya ragu ya canja. Nemi inda kogi ko masu fasa dutse suka yanka gangare kwanan nan, ka tona ciki har sai launi ya daina sauyawa, ko da zai kai ka kamu biyu ko uku. Ɗauki ƙatoton gutsure, wanda ya fi dunƙulen hannu, saboda za ka zubar da bayansa. Guji saiwoyi da wurin da gansakuka ta kama. Guji gefen titin kwalta. Guji kuma dutsen da ke maƙwabtaka da dutsen wuta, don kwarin Binuwai cike yake da wuraren da narkakken dutse ya kutso, daga tsaunukan Kaltungo zuwa tudun Biu, kuma duk lakar da ke kusa da su ta gasu fiye da 'yan uwanta. Kada hannunka ya taɓa fuskar da ka fasa. Fatar mutum na da kolestirol da sikwalin nata. Naɗe shi da takardar alminiyam, ɓangare biyu, sannan in ka ga dama ka sa a jakar yadi. Leda da roba suna zubar da sinadarin da ke sa su laushi, za ka gan shi ya yi tsini a lamba 149 a zanen na'ura. Lambar samfur a kan jaka ake rubuta ta, ba a jikin dutse da maka ba.

Idan ɓarɓashin haƙa ko sandar dutse ta rijiya aka ba ka, tambayar farko ita ce da wace irin laka aka haƙa rijiyar. Idan mai tushen mai ce, ko an zuba mata dizal don ƙarfen haƙa ya saki, to gajerun sarƙoƙin da za ka gani na lakar ne. Ɓarɓashi kuma kan gauraya da abin da ya rufto daga sama, saboda haka zurfin da aka rubuta a jikin ambulan ba lallai ne ya zama na duk abin da ke ciki ba.

Kafin ka biya kuɗin babbar na'ura, ka fara da mai araha. Auna yawan kabon na halitta, abin da ake kira TOC. Dutsen da bai kai kashi 0.5 cikin ɗari ba talaka ne, kuma talakan dutse shi baƙin sinadari ya fi saurin rinjaya. Gwajin Rock-Eval zai gaya maka ko dutsen ya nuna: idan ma'aunin da ake kira Tmax ya gaza digiri 435 ɗanye ne, daga nan zuwa wajen 470 yana cikin zangon mai, sama da haka ya wuce. Dutsen da ya ƙone bayomakansa sun tarwatse, don haka idan ya ba ka kyawawan hofen da siteren, abin zargi ne.

A ɗakin gwaji, kankare ko yanke bayan dutsen, amma kada ka jefar. Tatse bayan daban, cikin daban. Idan bayan ya fi cikin yawan hofen nesa ba kusa ba, daga waje abin ya shigo. Wannan dabarar na cikin abin da ya tona asirin Pilbara. Busar da samfur a inuwa ko a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a rufe, musamman lokacin hazo. Tun 1988 Bernd Simoneit da abokansa suka buga nazarin ƙurar hunturu ta Najeriya, suka tarar tana ɗauke da kakin ganye, a birane kuma har da ragowar hayaƙin mota. Wato tagar ɗakin gwaji a buɗe cikin Janairu tana zuba maka kabon 29 da 31 kyauta. Tatsa da na'urar Soxhlet, da dikuloromitan mai ɗan mitanol, kwana ɗaya zuwa uku, ka jefa wankakken jan ƙarfe a ciki ya kame farar wuta. Kada a shafa giris a mahaɗar gilasai. Bayan nan a raba tatsen a bututun silika, hegzen ya fara fito da kashin da hofen da siteren suke ciki. Wanda ya tsallake wannan rabawar ya zuba tatsen gaba ɗaya a na'ura, cunkoso kawai zai gani.

Ita na'urar GC-MS kashi biyu ce. Na farko dogon siririn bututu ne da ke jera sinadarai, marasa nauyi su fara fita, masu nauyi su biyo baya. Na biyu yana farfasa kowanne ya auna gutsattsarin. Kowane dangi na da gutsuren da aka san shi da shi: 85 na miƙaƙƙun sarƙoƙi, 191 na hofen da oliyanen da gamaseren, 217 da 218 na siteren, 177 na hofen da bakteriya ta gutsura. Ka rubuta wa mai na'urar waɗannan lambobi, ka ce a kansu kake so ta tsaya. Ka tambaye shi zuwa digiri nawa zafin ke kaiwa da tsawon lokacin da yake tsayawa a can, don idan aka kashe da wuri, hofen masu kabon 33 zuwa 35 ba su ma fito ba. Ka roƙi a gudanar da wani sanannen ɗanyen mai tare da naka. Kuma ka karɓi ainihin fayil ɗin, ba hoton takarda kaɗai ba.

Akwai wata al'ada da nake so ta mutu: a buga jerin sunayen da kwamfutar na'ura ta zaɓo daga rumbunta, kowanne da "kashi 90 na dacewa", a manna a babi na huɗu. Wannan rumbun na da amfani ga magunguna da man tsirrai. A kan hofen da siteren kuwa makaho ne, domin da yawansu nauyinsu ɗaya, gutsattsarinsu ɗaya, bambancin kawai ta wane gefe wani kabon ya karkata. Da jerin fitowa ake gane su. A zanen 191, hofen da ake kira Ts na zuwa kafin wanda ake kira Tm, oliyanen na tsaye dab da gaban babban hofen mai 30, daga 31 zuwa 35 kowanne tagwaye ne, gamaseren kuma na biye da tagwayen 31. Littafin The Biomarker Guide na Peters da Walters da Moldowan, bugun 2005, na da zanuka masu lamba da za ka ajiye kusa da naka ka bi ɗaya bayan ɗaya.

Waɗannan tagwayen su za su gaya maka zafin da dutse ya sha. Halitta hannu ɗaya take ƙerawa, wanda ake wa lakabi da R. Zafi ne ke juya wani kaso zuwa S. A hofen mai kabon 32, kason S na tashi daga sifili ya tsaya wajen 0.6 tun farkon zangon mai. A siteren mai 29, yana tsayawa tsakanin 0.52 da 0.55 wajen tsakiyar zangon. Da zarar sun kai nan ba sa ƙara motsi, saboda haka 0.6 na cewa "na kai" ne kawai, ba ya faɗin nisan da aka wuce. Zafi na kuma goge fifikon lambobin kakin ganye har su daidaita, yana kuma ɗaga rabon firisten da faiten. Kada ka kwatanta asalin samfura biyu sai ka tabbatar nunarsu ta yi kusa. Ga kuma gwajin hankali mai sauƙi: idan Rock-Eval ya ce dutse ɗanye ne amma hofen ya ce 0.6, ɗayansu ba ɗan gida ba ne, kuma kusan kullum hofen ɗin ne, don duk man injin nunanne ne.

Idan mai ne a hannunka ba dutse ba, sai ka ƙara da tambayar ko bakteriya ta ci shi. A ma'ajiyar da zafinta bai kai digiri 80 ba, tana ci, kuma da tsari take ci: miƙaƙƙun sarƙoƙi da farko, sai firisten da faiten, sai siteren, hofen daga baya. Zanen irin wannan mai ba shi da tsinaye, wani tudu ne kawai ya kumbura. Kwaltar Agbabu a jihar Ondo haka take. Lissafa rabon firisten da faiten a kan irin wannan ɓata tawada ne. Amma juriyar hofen na da ranarta wajen gano mai malalar mai. Bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, masana hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ƙarƙashin Keith Kvenvolden, sun tsinci dunƙulen kwalta a gaɓar tekun da kowa ya ɗauka daga jirgin suke. Bayomaka da nau'in kabon suka nuna da yawansu man Kalifoniya ne, wanda aka danganta da tankunan kwaltar da girgizar ƙasa ta 1964 ta fasa a garin Valdez.

Wajen rubutu, kada lamba ɗaya ta yanke maka hukunci. Faiten na iya fitowa daga fatar wasu halittun ruwan gishiri da ake kira akiya, ba daga kulorofil kaɗai ba. Firisten ma na da wata hanyar. Sai ka ga uku ko huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya, sun kuma yi daidai da abin da idonka ya gani a gangare, irin hatsin dutsen da burbushin da ke ciki, sannan ka rubuta da ƙarfin gwiwa. Inda suka saɓa, rubuta saɓanin yadda yake. Zanen fankonka kuma ya shiga cikin kundin, a ma'auni ɗaya da na samfuran.

Wanda ba shi da hanyar samun dutsen rijiya, akwai aiki a kusa da gida da wannan ilimin zai yi masa. Cikin ɗan adam na juya kolestirol ya zama kofurostanol, cikin shanu da tumaki kuma ya fi fitar da ɗan uwansa mai kabon 29. Da su ake gane ko ƙazantar da ke cikin lakar kogi ta masai ce ko ta garke. Idan ka raba kofurostanol da jimillarsa da kolestanol ka sami sama da 0.7, najasa ce. Lakar Jakara a Kano ko ta wani dam da gari ke sha daga gare shi ta isa kundi mai amfani. Kakin ganye kuma na riƙe da bambancin nau'in kabon tsakanin ciyayi irin su gero da dawa da kuma itatuwa, wanda da shi ake karanta yadda daji ya koma fili a lakar tafkuna. Sai dai ita sabuwar laka a raye take, bakteriyarta na ci gaba da aiki a cikin kwalba, saboda haka ranar da ka ɗebo ta za ta shiga firiza, kuma ka zaɓi firizar da wutarta ba ta yawan ɗaukewa. Kowane samfur, dutse ne ko laka, ka raba shi biyu tun farko, rabi ya tafi gwaji, rabi ya zauna a naɗe da lambarsa da inda aka ɗebo shi, saboda idan fanko ya fito da hofen, daga wannan rabin za ka sake farawa.